Tauraro Ne Ya Sauya Ko Na'urarka Ce? Jagorar Bibiyar Hasken Eksire Daga Iskar Manyan Taurari

A tsakiyar watan Fabrairu, daren da hazo ya lafa, fito tsakar gida tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya ka fuskanci kudu. Nemo Shi'ira, tauraron da ya fi duk na dare haske. Daga shi ka gangaro da ido ƙasa, ka ɗan karkata gabas. Akwai wani tauraro fari mai shuɗi-shuɗi, wanda daga Kano ba ya hawa fiye da digiri 38 a saman bangon duniya. Sunansa Zeta Puppis. A ido ba shi da wani kwarjini, amma zafin fuskarsa ya kai digiri 40,000, alhali na rana bai cika 6,000 ba, kuma haskensa sai ya yi tafiyar shekara fiye da 1,000 kafin ya iso mu. Yana feso jikinsa waje da gudun kilomita 2,250 a daƙiƙa ɗaya, har abin da yake zubarwa a shekara ya kusa nauyin duniyar nan da muke kai. Wannan feshin shi ake kira iskar tauraro, kuma daga cikinta hasken eksire ke fitowa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Jagorar nan ta ɗalibin fiziks ce da ke da kwamfuta da intanet, yana son ya auna da hannunsa ko wannan haske yana tashi yana sauka. Bayanan kyauta ne. Abin da ke da tsada shi ne haƙuri, domin yawancin sauyin da sabon shiga ke gani ba na tauraro ba ne.

Kafin ka taɓa kwamfuta

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba ka san abin da ya kamata ka gani ba, duk abin da ya bayyana a allo za ka gaskata.

Hasken tauraron ne da kansa ke tura iskar. Ƙwayoyin haske na bugun atam ɗin ƙarfe, kabon, naitirojin da iskar oksijin da ke saman tauraron, su kuma su ja sauran iskar su yi waje da ita. Lucy da Solomon ne suka bayyana haka a 1970, Castor da Abbott da Klein suka gina cikakken lissafinsa a 1975. Sai a 1979 kumbon Einstein ya hango hasken eksire daga irin waɗannan taurari a gungun Cygnus OB2. Abin ya ɗaure kai, domin digiri 40,000 bai isa ya haifar da eksire ba. Ana bukatar miliyoyin digiri.

Amsar da aka tsaya a kanta ita ce iskar ba ta tafiya sumul. In wani yanki ya ɗan fi maƙwabcinsa gudu, sai ya fito daga inuwar iskar da ke bayansa, ya sami ƙarin haske, ya ƙara gudu, ya je ya banki na gabansa. Lissafin kwamfuta da Owocki da Castor da Rybicki suka yi a 1988 ya nuna haka ƙarara. Iskar sai ta koma kamar kunun da aka dama da gaggawa, duk gudaji. Inda aka yi karo, nan zafi ke tashi. Riƙe wannan ma'auni a ka: karo mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa yana ba da wajen digiri miliyan 14, kuma zafin yana bin ninkin gudun a kan kansa. Saboda haka karon kilomita 500 zai ba da wajen miliyan 3 da rabi. Shi ya sa eksiren tauraro tilo irin Zeta Puppis mai laushi ne, yawancinsa ƙasa da keV 1 ko 2 (keV shi ne ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske), kuma bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma na dukan hasken tauraron ba.

Yanzu ga lissafin da zai yi maka jagora har ƙarshe. In wuraren karon guda goma ne kacal, duk lokacin da ɗaya ya mutu wani ya kunnu za ka ga haske ya yi tsalle sosai. In dubbai ne, mutuwar wannan na cike gurbin tashin wancan, jimillar ta zauna kusan cak, kamar hayaniyar kasuwa da ake ji daga nesa. Girman rawar hasken yana kusa da ɗaya a raba da saiwar adadin wuraren, wato square root ɗinsa. Wurare 100 na ba da rawar kashi 10 cikin ɗari. Wurare 10,000 kuwa kashi 1. Kuma iskar na tsallake nisan da ya kai rabin faɗin tauraron cikin awa ɗaya zuwa biyu, don haka a wannan tsayin lokaci ake neman rawar gudaji. Abin da ya ɗauki kwanaki yana juyawa, daga wani wuri yake.

Mataki na farko: zaɓi tauraro, kuma kada ka fara da mai wuya

Shawarata ka ɗauki biyu. Na farko Theta-1 Orionis C, wanda ya fi haske a cikin taurari huɗun da ke tsakiyar gajimaren Oriyon. An san amsarsa: haskensa na eksire yana tashi yana sauka duk kwana 15.4, Gagné da abokan aikinsa suka gano haka da kumbon ROSAT a 1997. In hanyarka ba ta nuna maka wannan ba, hanyar ce ke da matsala. Na biyu Zeta Puppis, inda sauyin ƙanƙane ne, kuma nan ne za a san ko ka iya.

Kafin ka sauke komai, buɗe shafin SIMBAD, rumbun bayanan taurari a intanet, ka duba abu uku game da tauraron: yana da abokin kewaye, an auna masa maganaɗisu, kuma an san wani zagaye da haskensa na ido ke yi? Rubuta amsoshin a littafi tun yanzu. Zagayen da ka rubuta kafin ka ga bayanai ya fi wanda ka tsinta bayan ka gani nauyi a wajen hujja.

Mataki na biyu: ɗebo bayanan

Kumbo biyu ne jigon wannan aiki, kuma duk a 1999 aka harba su: Chandra na Amurka a watan Yuli, XMM-Newton na Turai a Disamba. Chandra ya fi kaifin gani, yana raba taurarin da ke manne da juna, shi ya sa a cunkoson Oriyon ba shi da na biyu. XMM-Newton ya fi tara ƙwayoyin haske, kuma tun da ana gwada lafiyar na'urorinsa da Zeta Puppis, ya sha komawa kansa shekara da shekaru. Galibi cikin shekara ɗaya da ɗauka ake sakin bayanai ga kowa. Za ka same su a rumbun HEASARC na hukumar NASA, ko rumbun kowane kumbo.

Manhajar Chandra sunanta CIAO, ta XMM-Newton kuma SAS. Ƙara da HEASoft da Python. A kan Linux ko Mac suke aiki, mai Windows sai ya girka Linux a ciki. Fayilolin daidaita ma'auni sun kai gigabait da dama, saboda haka ka sauke su inda intanet ke da araha, batir cike. Wuta ta taɓa ɗauke mini ana tsakiyar saukewa, fayil ɗaya ya zo guntu, na kwana biyu ina zargin umarnin da nake bugawa.

A CIAO, umarnin find_chandra_obsid zai jero maka duk ziyarar da aka kai wa tauraron, wato duk lokacin da kumbon ya tsaya yana kallonsa. Ziyarar Zeta Puppis ta watan Maris 2000 lambarta 640, tsawonta wajen daƙiƙa 68,000. Sauke ta da download_chandra_obsid 640, sannan ka bi ta da chandra_repro domin a sake sarrafa ta da ma'aunin yau. A SAS jerin shi ne cifbuild, odfingest, sai epproc da emproc na kyamarori, da rgsproc na na'urar rarrabe haske. Abin da za ka samu a ƙarshe dogon jadawali ne: kowane layi ƙwayar haske ɗaya, da lokacin isowarta, da inda ta faɗo, da ƙarfinta. Duka kumbon biyu suna ƙirga lokaci da daƙiƙa daga farkon ranar 1 ga Janairu 1998.

Mataki na uku: wanke bayanan

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Fara da ruwan furoton. XMM-Newton na kewaya duniya cikin awa 48, kuma sau da yawa ƙwayoyin furoton marasa ƙarfi na bi ta madubinsa su faɗa kan kyamara, ta ƙirga su kamar haske. Yadda ake kama su: zana yawan abin da dukan kyamarar pn, ɗaya daga kyamarorinsa uku, ta ƙirga tsakanin keV 10 da 12, inda tauraronka kusan ba ya ba da komai. Duk inda layin ya haura 0.4 a daƙiƙa, yanke wannan lokacin ka jefar. Ga sauran biyun, kyamarorin MOS, iyakar da aka saba ita ce 0.35 a sama da keV 10. Sun fi yawa a farko da ƙarshen ziyara, lokacin da kumbon ke kusa da ɗamarar ƙwayoyin da ta kewaye duniya. In ka ga tauraronka ya "haskaka" daidai a awannin ƙarshe, ka san wanda za ka fara tuhuma.

Na biyu cunkoso. Kyamara na buɗe ido ta rufe a kan lokaci. In ƙwaya biyu suka faɗa wuri ɗaya kafin ta rufe, sai ta ƙirga su ɗaya mai ninkin ƙarfi, ko ta watsar da su duka. Illar biyu ce: tauraron zai fito kamar ya fi zafi, kuma in ya ƙara haske da gaske, ƙirgar ba za ta tashi daidai ba, sauyin ya danne. Theta-1 Orionis C ya shahara da wannan a hotunan Chandra, har tsakiyarsa kan fito da rami. A SAS ana duba cunkoso da epatplot. Maganinsa ka ɗebi haske daga zobe, ka bar tsakiyar. A Chandra, in ziyarar da gilashin rarrabe haske aka yi ta, bar ɗigon tsakiya ka ɗauki ƙwayoyin da aka baza gefe biyu, wato inda tg_m yake 1 ko -1, tg_part kuma 1 ko 2.

Na uku hasken ido. Waɗannan taurari suna da haske ƙwarai, har hasken da ido ke gani kan ratsa ya ɓata ma'aunin ƙarfi. Duba kan fayil ka tabbata da matata mai kauri, mai tare hasken ido, aka yi ziyarar XMM-Newton. Kada ka haɗa ziyarar matata mai kauri da ta matsakaiciya a zane ɗaya, haka nan ziyarce-ziyarcen da aka yi da tsarin kyamara daban-daban.

Na huɗu lilo, kuma shi ne ya taɓa kunyata ni. Chandra ba ya tsayawa cak a kan tauraro. Da gangan ake lilo da shi domin kada mataccen ɗigo ko giɓin da ke kan kyamara ya ɓata ziyarar. A tsofaffin ziyarce-ziyarcen kyamarar ACIS lilon na da zagaye biyu, daƙiƙa 1,000 da daƙiƙa 707. In tauraro na kusa da bakin kyamara ko matattun layuka, zai riƙa shiga yana fita. Ina farkon koyo na ga wani tsini kyakkyawa a zanena na neman zagaye, daidai daƙiƙa 707, har na fara tsara yadda zan sanar. Wani da ya riga ni a harkar ya leƙa allon, ya ce, "Malam, ai kumbon ne ke kaɗa kai." Kallon kitse na yi wa rogo. Tun ranar, duk zagayen da ya faɗo kusa da waɗannan lambobi, ko rabinsu, ko ninkinsu, ba na ko kallonsa sai na bi ta dither_region, wanda ke lissafa kason wurin ɗibarka da ke kan lafiyayyen sashen kyamara a kowane lokaci.

Na ƙarshe gyaran agogo. Duniya na kewaya rana, don haka hasken tauraro kan riga isowa ko ya makara har da wajen minti 8 gwargwadon watan shekara. In za ka haɗa ziyarar watanni daban-daban, mai da lokutan zuwa tsakiyar nauyin rana da duniyoyinta da axbary a CIAO ko barycen a SAS. Minti biyu zai ɗauke ka.

Mataki na huɗu: auna lokaci da mudu

Yanzu za ka raba lokacin ziyarar gida-gida, ka ƙirga ƙwayoyin da suka faɗo a kowane gida. Ina kiran gidan nan mudu, domin ka'idar ɗaya ce da ta awon hatsi: ƙaramin mudu na nuna bambanci ko da babu shi.

Ƙwayoyin haske ba sa zuwa a jere kamar sojoji, suna zuwa ne kamar yayyafi. In matsakaicin ƙirgarka a mudu ɗaya 100 ce, za ka ga 90 a nan, 110 a can, ko da tauraron bai motsa ba, domin kuskuren ƙirga shi ne saiwar adadin. Ƙwaya 100, kuskure kashi 10. Ƙwaya 10,000, kuskure kashi 1. To a ce tauraronka na ba da ƙwaya 2 a daƙiƙa, kana neman sauyin kashi 1, mudunka ba zai gaza daƙiƙa 5,000 ba. Yi wannan lissafi kafin ka zana komai. Sau da yawa shi kaɗai zai gaya maka tambayar da kake yi ta fi ƙarfin bayanan da ke hannunka.

Zagaye tauraron da da'ira, ka zaɓi wani fili kusa da shi a kan sashen kyamara ɗaya wanda babu tauraro, domin auna hasken bayan fage. A CIAO dmextract ne ke fitar da layin haske. A SAS evselect, sannan epiclccorr wanda ke cire bayan fage ya gyara asarar da matattun wurare suka jawo. Fitar da layin da mudu uku ko huɗu, misali daƙiƙa 200, 1,000 da 5,000. Jefar da mudun farko da na ƙarshe in ba su cika ba. Kuma ko da yaushe ka zana layin bayan fage a ƙarƙashin na tauraro. In suna rawa tare, ba tauraro ba ne.

XMM-Newton na da wata ni'ima: kyamara uku ne ke kallo lokaci guda, pn da MOS biyu. Shaidu uku ke nan. Abin da ɗaya ta gani biyu ba su gani ba, ba ya shiga rahoto.

Mataki na biyar: tambayi lissafi, kada ka tambayi ido

Ido na son ganin tsari ko a cikin gajimare. Ɗora miƙaƙƙen layi a kan matsakaicin ƙirgar, ka yi gwajin kai-sukwaya (chi-square), mai auna nisan ƙirgar daga layin gwargwadon kuskurenta. In sakamakon, bayan an raba shi da adadin mudu a cire ɗaya, ya zo kusa da 1, bayanan ba su ƙaryata cewa tauraron na zaune lafiya ba. Gwajin na bukatar aƙalla ƙwaya 20 zuwa 30 a kowane mudu. Daga nan gwada karkataccen layi, domin sauyi mai tafiyar hawainiya kan ɓuya wa gwajin farko. In ƙwayoyin kaɗan ne, bar mudu gaba ɗaya ka yi amfani da glvary, wanda ke duban lokacin isowar kowace ƙwaya.

Ga tarkon da ya fi cin mutane. A ce kana da ziyara 10, kyamara 3, rukunin ƙarfi 4: gwaji 120 ke nan. In ka ce duk abin da yiwuwarsa bisa tsautsayi ta gaza kashi 1 sauyi ne, to ko tauraron dutse ne za ka sami ɗaya ko biyu da suka ci gwajin. Ƙirga gwaje-gwajen da ka yi, ka faɗi adadinsu a rahoto.

Mataki na shida: neman zagaye

A Python, ɗakin Astropy na da LombScargle, wanda ke jure bayanai masu giɓi. Zai zana maka tsini a kan kowane zagayen da ya dace da bayanan. Amma sharuɗɗa uku ne kafin ka yarda da tsini.

Dole bayanan su rufe zagayen sau da yawa. Zeta Puppis na da zagayen kwana 1.78 a hasken ido, Howarth da Stevens suka gano shi a 2014, ƙananan kumbunan BRITE suka tabbatar. Kwana 1.78 kusan awa 43 ke nan, alhali ziyarar XMM-Newton mafi tsawo ba ta wuce wajen awa 36 ba tare da yankewa ba. Ziyara ɗaya ba za ta nuna maka zagaye ba, gangara ko hawa kawai za ka gani. Sai da Chandra ya zuba daƙiƙa 813,000 a kan tauraron tsakanin 2018 da 2019, a ziyara sama da ashirin, kafin Nichols da abokan aikinta suka nuna zagayen a eksire dalla-dalla a 2021. Girman sauyin bai kai kashi 10 ba, kuma ƙololuwarsa ba ta zuwa lokaci ɗaya da ta hasken ido.

Sharaɗi na biyu, giɓi na haifar da tsinin ƙarya. Ɗauki lokutan ziyararka, ka sa musu ƙirga ɗaya ba sauyi, ka zana. Duk tsinin da ya fito nan na jadawalin kumbo ne. Na uku, lambar tabbacin da manhajar ke bayarwa na ɗauka cewa kuskuren kowane mudu ba ruwansa da na maƙwabcinsa. Hasken manyan taurari kuwa yana yawo a hankali ba tsari, kuma irin wannan yawo na tara tsini a wajen dogayen zagaye. Ƙirƙiri layukan bogi dubu masu irin wannan yawo, ka bi da su ta hanya ɗaya, ka ga sau nawa tsini mai tsayin naka ke fitowa haka kawai.

Tarihin tauraron nan da kansa gargaɗi ne. A 1996 an ba da rahoton zagayen awa 16.7 daga bayanan ROSAT, aiki mai kyau a zamaninsa, amma dogayen ziyarce-ziyarcen da suka biyo baya ba su sake ganinsa ba. Ko ya zo ya wuce, ko bayanan ne suka yi kaɗan.

In tsini ya tsallake duk wannan, naɗe layin a kan zagayen, wato ka jera kowane mudu gwargwadon matsayinsa a cikin zagayen. Sannan raba bayanan biyu, na farko da na ƙarshe, ka naɗe kowanne daban. Ƙololuwar ta faɗo wuri ɗaya?

Mataki na bakwai: raba hasken bisa ƙarfi, sannan ka fassara

Fitar da layi uku: mai laushi daga keV 0.3 zuwa 0.6, matsakaici zuwa 1.2, mai ƙarfi zuwa 4. Iskar tauraro mai sanyi na haɗiye haske mai laushi fiye da mai ƙarfi. Saboda haka in mai laushi ya faɗi, mai ƙarfi bai motsa ba, wani abu mai kauri ne ya gifta tsakaninka da wurin karon. In duka suka tashi tare, yawan iskar mai zafi ce ta ƙaru. In mai ƙarfi kaɗai ya tashi, karon ne ya ƙara tsanani. Da XSPEC, manhajar nazarin ƙarfin hasken eksire, za ka iya tabbatarwa, amma ka tuna haɗiyewar iskar tauraro ba irin ta ƙurar tsakanin taurari ba ce, domin wuraren karon a warwatse suke cikin iskar. Don haka aka ƙera samfurin windtabs.

Daga nan kamannin sauyin zai nuna maka mai laifi. Sauyin da ke maimaituwa ba kuskure shekara da shekaru, tare da iska mai tsananin zafi, alamar maganaɗisu ce. A Theta-1 Orionis C ƙarfin maganaɗisun ya kai wajen gaus 1,000, yana kamo iskar daga rabin arewa da rabin kudu ya haɗa su goshi da goshi a tsakiya, zafin ya kai wajen digiri miliyan 30. Tauraron na juyawa, wani lokaci ka ga wurin karon gaba ɗaya, wani lokaci jikinsa ya kare wani sashe. HD 191612 haka yake, sai dai juyinsa kwana 538.

In tagwaye ne, iskar wannan na karo da ta wancan. Idan kewayensu mai siffar ƙwai ne, haske na ƙaruwa yayin da suke kusantar juna. A tauraro na 9 na Cygnus OB2, mai zagayen shekara 2.35, ƙaruwar na bin raguwar nisa kusan daidai. Eta Carinae kuwa, duk shekara 5.54 sai eksirensa ya hau ya hau, sannan ya faɗi warwas na makonni. WR 140 na yin irin nasa duk shekara 7.9. Layin ƙarfe a keV 6.7 babbar alama ce ta irin wannan karo.

Sauyin 'yan kashi kaɗan a tsawon kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a tauraro tilo shi ne mafi daɗin muhawara. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce tabo mai haske a fuskar tauraron na sauya gudun iskar da ke samansa, juyin tauraron ya murɗa ta ta zama doguwar igiya mai lanƙwasa, kamar ruwan da yaro ke fesawa da tiyo yana juyawa. Cranmer da Owocki suka lissafa haka a 1996. A Xi Persei, mai zagayen kwana 2.09, an ga eksire na sauyawa tare da alamun wannan igiya a hasken da ya wuce shuɗi. Ni dai ina ganin fassarar ta dace da Zeta Puppis, amma kada ka rubuta ta kamar an gama magana; ko kwana 1.78 juyin tauraron ne ko bugun jikinsa, har yanzu masana na ja. Bugun jiki ma na iya taɓa eksire: a 2014 Oskinova da abokan aikinta sun gan shi a Xi-1 Canis Majoris duk awa 4.9.

In kuwa ka ga haske ya yi tsalle cikin mintoci ya sauko a hankali cikin awanni, nemi ƙaramin tauraro matashi da ke laɓe kusa. Irinsu ne ke yin wannan tartsatsi, kuma Oriyon cike yake da su.

Wani gargaɗi ga mai son kwatanta shekaru masu nisa: wani datti na taruwa a kan matatar ACIS tun bayan harbawa, yana ƙara toshe haske mai laushi. Ƙirgar 2000 da ta 2018 ba sa kwatantuwa kai tsaye. Sai ka mai da kowacce zuwa ainihin ƙarfin haske da fayilolin ma'aunin ranarta. Da aka yi hakan, Cohen da abokan aikinsa sun samu a 2020 cewa eksiren Zeta Puppis ya ƙaru da kashi 13, kuma siffar layukansa na nuna abin da yake zubarwa ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin shekara 18.

In ba ka ga komai ba

Mai yiwuwa ne bayan mako biyu kana fama, layin Zeta Puppis na gajeren mudu ya fito a miƙe, rawarsa ba ta wuce kuskuren ƙirga ba. Kada ka rufe kwamfutar. Ɗauki layin bogi mai matsakaicin ƙirga irin naka, ka zuba masa rawar kashi 5, ka yi masa gwajin kai-sukwaya. Gwajin ya kama? Rage zuwa kashi 3, zuwa 2, zuwa 1, har ka kai inda gwajin ya daina gani. Wannan ita ce iyakarka, kuma ita za ka rubuta: a mudun daƙiƙa kaza, rawar tauraron ba ta kai kashi kaza ba.

Sai ka koma lissafin farko ka juya shi. Iyakar kashi 2 na nufin wuraren karo aƙalla 2,500. Iyakar kashi 1, aƙalla 10,000. Nazé da Oskinova da Gosset sun yi wannan a 2013 da bayanan XMM-Newton na shekara goma, suka haɗa da gudajin sanyi masu tare haske ba masu fitar da shi kaɗai ba, suka samu cewa iskar Zeta Puppis na ɗauke da gudaji fiye da 100,000 a kowane lokaci. Rubuta lambarka kusa da tasu, tare da lambar ziyarar da ka yi aiki da ita, sigar manhajar, girman da'irarka, da lokutan da ka yanke.